Ranar da Zoɓo Ya Koma Kore

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar sunan ɗan yayata a Daudawa ba, ranar da zoɓo ya kusa raba zumuncin shekara da shekaru. Lokacin ina karatun malanta a fannin kimiyya, na zo hutu, bakina kuwa dama ba ya shiru.

Muna da wata maƙwabciya, dattijuwa daga unguwar Maguzawa, aminiyar innata tun suna amare. Ita ce gwanar zoɓo, don haka ita aka bar wa haɗin. Ta dafa, ta tace, ja zur, ta rufe babbar roba ta tafi duba awakinta. Da azahar aka buɗe za a ƙulla wa baƙi, sai ga shi ya rikiɗe, kore-kore baƙi-baƙi kamar ruwan kwata.

Goggona, ƙanwar babanmu, ta saki salati ta dafe ƙirji. "Mi zan gani haka? Wallahi barbaɗe aka yi! Wa ya taɓa shi in ba ita ba?" Kafin ka ce kwabo magana ta zagaye gida. Baiwar Allah ta dawo ta tarar mata suna janye 'ya'yansu daga kusa da ita, Goggo tana rantsuwa matar ba za ta ƙara taka gidan ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, innata ta sunkuyar da kai, ba ta kare aminiyarta ba.

Na tsoma yatsa a robar na murza, na ji santsi kamar na sabulu. Nan take na gano bakin zaren. Na ce, "Goggo, an ƙara ruwa a ciki?" Ta ce, "Ni na ƙara, baƙi sun yi yawa. Na bokitin can na zuba, ban ko duba ba na mayar da murfi." Bokitin can kuwa jiƙon kanwa ne na dafa wake, ya kwanta garau kamar ruwan rijiya.

"Ke 'yar boko, rufe mana baki!" in ji Goggo. Ina! Ai na riga na ɗauko lemon tsami da kofin gilashi. Na ɗebi zoɓon na matsa lemo, jan ya dawo a gaban idon kowa. Na ɗiga ruwan kanwa, ya sake komawa kore. Tsakar gida ta ɗauki "Ikon Allah!"

Na ce musu ba asiri ba ne. Akwai dangin tsami, irin lemo da tsamiya, su ake kira asid. Akwai dangin kanwa, irin toka da sabulu, su ne bes. Kowanne yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa. A makaranta muna auna su da ma'aunin pH: ruwa zalla yana kan bakwai, tsami yana ƙasa, kanwa tana sama. Shi zoɓo launinsa ne ke tona wanda ya fi ƙarfi. Wata tsohuwa ta ce, "Af! Shi ya sa muke jefa kanwa a miyar yakuwa." Na ce, "Baba, kin ci jarrabawa."

Ina ta jin kaina a sama, sai dattijuwar nan mai zoɓo ta karɓi kofin a hannuna, ta matsa lemo da kanta, ta shanye. Ta dubi innata ta ce, "'Yar'uwa, shekara nawa kina cin tuwona? Sai da lemo ya yi mini shaida?" Ta yafa zanenta ta fita.

Goggo ta je ta ba da haƙuri, Inna ta yi ta sintiri, amma sai bayan girbi matar ta sake shigo mana. Yau duk ajin da na koya wa asid da bes, da zoɓo nake farawa. Ina gaya musu in abu ya canja launi, a fara tambayar me aka zuba kafin a tambayi wa ya zuba. Lemo ɗaya ya dawo da zoɓo, amma bai dawo da dariyar matar nan a gidanmu ba.