Albasar Irmiya Mai Walda

Irmiya mutumin ƙasar Zuru ne, walda ta kawo shi Talata Mafara lokacin da ake gina madatsar Bakolori. Gajere ne, ga ƙatuwar murya, in ya ɗauki waƙa a coci har awakin unguwa sai sun ɗaga kai. Shi ya haɗa ƙarafan ɗan cocin kwanon da ma'aikata suka kafa a bayan sansani, shi kuma ya rataya tsohon ƙarfen tayar tifa a matsayin ƙararrawa. A lokacin wuri cika yake maƙil da direbobi da magina da makanikai, kowa da yarensa, Hausa ce ke haɗa su.

Da aikin ya ƙare, sai aka fara watsewa. Kowace Lahadi ana addu'ar sallama, har Irmiya ya haddace ta kamar sunansa. Kafin shekara ta zagayo, mutum goma sha ɗaya suka rage. Fasto ya aiko daga Gusau cewa in abin ya ci gaba haka, za a rufe wurin. Wannan magana ta hana Irmiya cin abinci kwana biyu, abin da matarsa Rifkatu ta ce ko zazzaɓi bai taɓa yi masa ba.

Aka zauna taron kwamiti. Wani ya ce a ɗinka wa mawaƙa riguna, alhali mawaƙan su biyu ne. Irmiya ya ce a'a, wanda ya yi shuka ba ya gudu, a nemi gona. Ya tafi wurin abokinsa Dikko, wani manomi Musulmi daga Maradun da yake yi wa gyaran garma, ya samo aron fili a bakin hanyar ruwa.

Kai, noman ma'aikatan dam! Da igiyar awo suka zo, suka ja kunyoyi santala-santala kamar za a zuba kankare. Sannan tun da shekara biyar suka yi suna tare kogi, a ganinsu babu abin da ya fi ruwa daraja, sai suka yi ta sakar wa albasa shi safe da yamma. Ta ruɓe tas.

Dikko ya zo ya tsaya, ya riƙe haɓa. "Malam Irmiya, mi albasa ta yi muku? Shayar da ita aka yi, ba a yi mata wanka."

Ya koya musu da haƙuri, ya kuma yi musu dariya iyakar son ransa. Shekara ta biyu albasa ta yi kai.

A nan ne Irmiya ya gano abin da ya riƙe cocin. Tun da ga ruwa rani da damina, gonar ba ta hutu. Duk wanda ya zo masa da zancen tafiya, sai ya ce: "Gaskiya ne, ɗan'uwa, gida gida ne. Amma ka bari a cire albasa." In an cire, ga dashen shinkafa ya zo, kunya kuma ba ta barin mutum ya tafi ya bar 'yan'uwa da laka har gwiwa. A haka Filibus direba ya yi shekara tara yana shirin tafiya wata mai zuwa, har ya aurar da 'ya'ya biyu. Wasu suka nemi filayen kansu, suka aika aka kawo matansu. Fasto bai sake tayar da zancen rufewa ba.

Ana nan sai ga ɗan aike daga Zuru. Yayan Irmiya ya rasu, dangi sun ce ya dawo ya riƙe gidan ubansu. Jama'ar coci suka cika tsakar gidansa don gaisuwa, amma ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Kowa ya san in ya tafi, rabinsu za su bi bayansa kafin kaka. Shi kuwa yana son gidan nan na Zuru, wallahi yana sonsa, shekara ashirin yana ba da labarin duwatsunsa har mutane suka gaji da ji.

Bayan kwana uku ɗan aiken ya ce, "Baba, me zan faɗa musu?"

A wancan lokaci duk wanda ya mutu a cikinsu, mota ake nema a kai gawarsa garinsu, don ba wanda ya ɗauki Mafara wurin kwanciya. Irmiya ya dubi ɗan aiken, hawaye na bin gemunsa.

"Ka ce ƙanena ya riƙe gidan. Kuma ran da na mutu kada su aiko mota. Nan za a sa ni, bayan coci."

Rifkatu tana bakin murhu, ba ta ko waiwayo ba. Ta gyara itace, ta share ido da bakin zane.

"To sai ka faɗa wa kwamitin naka su auna wurin mutum biyu," in ji ta. "Wa zai riƙa ce maka ka rage murya?"