Tamostat ɗin Yaya Jimet

Yayana Jimet ya yi shekara shida yana leburanci a Sabha, ya dawo Mongo da a-kori-kura mai shan gas. Shekara goma sha tara ya yi yana kwasar mu 'yan kasuwa zuwa Baro da Nyergi da Bitkin, mu da buhunan riɗi da awaki da kaji. Ni albasa nake sayarwa tun rasuwar mijina, kuma a gaba nake zama kusa da shi, don haka na san tarin motar nan kamar na ɗana. Mutum ne marar yawan magana. Ba ya gudu, ba ya lodin da ya wuce ƙa'ida, kuma in bai goge gilashi ba ba ya shan shayin safe. Matasan direbobin tasha Liman suke ce masa don tsokana.

A tsakiyar bazarar bara, muna hawan tudun da ke kafin Baro, allurar zafi ta tashi ta kwanta a kan ja. Ya tsaya, ya buɗe gaba, tururi ya turnuƙe. Ya ɗauki jarka ya nufi wata rijiya da ke can ƙasa. Mu kuma rana tana dukanmu, kasuwa tana wucewa. Sai na ce wa matan kowa ta kawo ruwan shanta. Akwai mai saida ƙanƙara a cikinmu, ta ba da ruwan kularta. Da hannuna na kwarara shi a kan injin. Ya yi wata ƙara, ƙas, ban ɗauke ta komai ba. Da Yaya ya dawo ya ga ƙasa a jiƙe, ya dube ni, ya dubi injin, ya jira ya huce, muka lallaɓa muka koma gida.

Washegari na bi shi garejin Usta Ratu, bakaniken da ke taɓa motar tun zuwanta. Usta ya kwance wani ɗan murfi, ya zaro ƙarfe kamar bakin kofin shayi, duk tsatsa.

"Ga ɓarawonka, Jimet. Tamostat. Shi ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, to ya mutu a rufe. Jefa shi bola, mu mayar da murfi, ka tafi abinka."

"In tafi ba shi?"

"Rabin motocin tashar nan ba su da shi. Waɗanda suka ƙera shi a ƙasar sanyi suke. Mu nan me za mu ɗumama?"

"Usta, wanda ya ƙera motar nan bai sa abu don ado ba."

"To Liman, sai ka je wurin Bishara ya yanka ka."

Alhaji Bishara shi ke da shagon kayan mota a bakin tasha. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya aika a kawo shayi, sannan ya jera abu biyu a gabanmu. Ɗaya sabo fil a kwali mai ƙyalli, sefa dubu shida. Ɗaya na hannu, an ciro shi daga motar da ta faɗi a hanyar Mangalme, dubu goma.

"Yaya aka yi tsoho ya fi sabo tsada, Alhaji?" na ce.

"Hajiya Zenaba, kin taɓa ganin albasar bana ta fi ta ajiya kuɗi?"

"Ta ajiya ba ta yi hatsari ba."

Yaya bai yi dariya ba. Ya sa gilashinsa yana duba lambar da aka buga a jikin kowanne, ta zafin da yake buɗewa. Nasa da ya mutu tamanin da biyu ne. Na kwali ba lamba ko ɗaya. Na hannu tamanin da takwas.

"Wannan sai inji ya kusa dahuwa zai buɗe," in ji shi. "A tudun Baro ba zan kai ba."

"Shida ne fa tsakani, Jimet. Shida!"

"A ba ni butar shayin nan."

Ya ɗaure su biyun da waya, ya zura cikin ruwa a kan gawayi, muka zauna muna kallo kamar masu jiran ƙwai. Ruwa bai ko fara motsi ba na kwali ya wangale baki, da aka fito da shi kuma ya ƙi rufewa. Na hannu sai da ruwa ya tafasa sosai ya buɗe ɗan kaɗan, ta gefe ɗaya.

Bishara ya ce, "Ka ɓata mini kaya, ka ɓata mini buta."

"Na asali fa?"

"Sai Njamena. Dubu talatin da biyar, in an haɗa da kuɗin mota ya zama talatin da takwas. A hannu, kafin in buga waya."

Mun yi ciniki har azahar. Na yi masa magiya, na yi masa gori, na tuna masa uwarsa da uwarmu tare suka yi tallan gyaɗa. Ya rage dubu biyu, ya ce don darajar marigayan.

Awaki biyu Yaya ya sayar, waɗanda matarsa Ashta ke kiwo don sallah. Ba ta hana ba, amma ranar ba ta ci tuwo ba. Kwana tara aka yi ana jira. Usta ya ce ya riƙa fita haka nan kafin kaya su iso, ya ƙi. Kasuwa uku suka wuce mu. Matan da suka shekara goma sha wani abu suna shiga motarsa suka koma ta wani ɗan Bitkin mai sabuwar mota, kuma ban ga laifinsu ba, tumatir ba ya jira. Kullum da hantsi Yaya yana bakin shagon Bishara yana kallon motocin da ke shigowa daga yamma.

Da kayan ya iso, ya buɗe kwalin a hankali, ya ga tamanin da biyu a jiki. Ya gwada shi a buta. Ya buɗe a kan lokaci, ya rufe a kan lokaci. Ranar na ga dariyarsa har da ƙyaƙyatawa. Ya saya wa Usta gasasshen nama, ya saya wa Ashta sukari.

Ran kasuwar Baro mu biyar kawai muka shiga. Yana tuƙi yana duban allura, tana zaune a tsakiya. Ya ce, "Kin gani, Zenaba? Abu in na asali ne." Muka fara hawan tudu. Allura ta ɗaga kaɗan. Ya sauke giya. Ta ƙara ɗagawa. Sai farin hayaƙi ta baya, mai yawa, har na daina ganin matan da ke kan kaya. Ya kashe motar, ya bar hannunsa a kan sitiyari.

Motar ɗan Bitkin ce ta ja mu zuwa gida da igiya.

Usta ya buɗe lagireto, tankin ruwan inji, ya tayar da inji, ruwa yana ta kumfa. Ya zaro sandar duba mai, ta fito da abu kamar shayi da madara. Ya kwance kan injin, ya kira Yaya ya nuna masa tsaga siririya kamar gashi.

"Wannan ba ta yau ba ce. Wani ya zuba wa injin nan ruwan sanyi yana da zafi?"

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni. "Ni ne."

"Kai? Kai da kake yi wa mutane wa'azi?"

"Nawa ne kan inji?"

"Na hannu, in an dace, dubu ɗari huɗu da hamsin. Kuma ban ce maka ƙasan injin lafiya yake ba."

Da muka fito na ce, "Yaya, me ya sa ka ce kai ne?"

"Motar ta tsufa, Zenaba. Ko ba ke ba."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Na ce zan sayar da ɗakin ajiyar albasata. Ya tambaye ni nawa zai yi, na faɗa, ya ce ko rabi bai kai ba, kuma me 'ya'yana za su ci. Ɗansa na fari yana arewa wurin haƙar zinariya, wata bakwai ba a ji muryarsa ba. Ba wani wanda za a nema.

Damina ta sauka motar tana ƙofar gida. Da kaka ya sayar da tayoyi, sannan batir, sannan kujeru. Bishara ya ce zai karɓi tamostat ɗin a dubu takwas, tunda an riga an ɗaura, ya zama na hannu. Yaya ya kwance ya kai masa da kansa.

Ya nemi tuƙi a wurin masu motoci uku. Biyu suka ce ya tsufa, ɗaya ya ce ba ya gudu. Yanzu a tasha yake, yana ɗaure wa matasan direbobi kaya a kan abin da suka ga dama suka ba shi. Shekararsa hamsin da tara, kuma bayansa ya fara ciwo. Idan na zo da buhunana shi yake ɗora su, ya ja igiya ya duba ƙulli sau biyu. In na miƙa masa kuɗi sai ya yi kamar bai gani ba, ya juya ya nufi mota ta gaba.