Ƙyallen da Talle Ya Ɗaura

Talle mai gyaran keke maƙwabcina ne a Tawa shekara goma sha biyu, kuma tun daminar 1994 ban gaishe shi ba. Zan faɗi abin da na sani game da shi, ba ƙari, ba ragi.

A Kalfu aka haife shi. Ubansa ya rasu kafin ranar suna, shi ya sa ake ce masa Talle. Ya yi ci-rani a Abijan kamar yawancin samarin Adar, can ya koyi kwance keke da ɗaurawa. Bayan yunwar 84 ya dawo ya kafa rumfa a bakin titinmu. Hannunsa na da kyau, wannan ba na musu. Da sabuwar taya ta gagari talaka, shi ke yi wa robar ciki faci kan faci har a rasa asalinta. Aibinsa ɗaya: bakinsa bai iya “ban sani ba”. Duk abin da aka kawo masa, a wurinsa mai gyaruwa ne kafin la'asar.

Ina da 'yar fari. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, don haka “yarinyar nan” nake ce mata. Na yi jami'a a Yamai, ina koyar da kimiyyar halittu a lise, wato babbar sakandare, amma wannan kunyar ban taɓa karya ta ba.

Tana shekara goma sha uku gwiwarta ta kumbura, ni kuwa ina Damagaram wajen gyaran takardun jarrabawa. Talle ya latsa gwiwar da babban yatsa yadda yake latsa taya. Ya ce wa matata Kaltumi targaɗe ne, kawunsa maɗori ne a Kalfu. Shi ya goya ta a kekensa ya kai ta. Aka yi tsaga, aka ɗaure, aka ce a jira. Da na dawo na tarar da ita a ɗaure, ni ma na jira. Wata huɗu suka tafi a haka. A Yamai likita ya ce ciwon daji ne a ƙashi, kuma ya riga ya kai huhu. Ta rasu da damina ta zagayo.

A ƙarshen 1995 wasu likitoci suka shirya hawan keke daga Tawa zuwa Kalfu don tallafa wa masu binciken cutar. Lokacin kowane taro 'yan jam'iyya ke ƙwacewa, sai likitocin suka hana kowace irin tuta. Farin ƙyalle kawai aka raba, kowa ya rubuta sunan wanda ya rasa, ya ɗaura a baya. Na ɗaura nawa ba rubutu.

A wurin tashi na hangi Talle durƙushe yana ba wani keke iska. A bayansa ga sunan 'yata da baƙin fenti, manyan baƙaƙe.

Na ce, “Kwance wannan.”

Ya ɗago, ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan. “Mushe, yau ni ka yi wa magana? Alhamdu lillahi.”

“Ba gaisuwa ba ce. Kwance.”

“In na kwance, wa za ya ɗauke ta? Naka ga shi nan fari fat. Kai kunya ta hana ka, ni ko ba ɗiyata ta fari ba ce.”

“Kai ka cinye mata wata huɗu.”

“Ni na kai ta, gaskiya ne. Kai ko ka dawo da bokonka, ka gani, ka bar ta.” Ya kai hannu ga kullin ƙyallen. “Ungo. Ɗaura, in ka iya.”

Mutane sun fara taruwa, har da abokan aikina biyu. Ban karɓa ba. Aka busa usur.

Ban sani ba ko da gangan ya yi, amma duk hanyar yana gabana. In na ƙara gudu ya ƙara. Haka na yi ta karanta sunan da ban taɓa furtawa ba, a bayan mutumin da ya fi kowa rashin cancantar ɗaukarsa, a kan hanyar da ya bi da ita. Ana hangen rumbunan Kalfu tayata ta baya ta sace. Ya tsaya, ya ciro garwar facinsa.

“Kawo, Mushe. Minti biyar.”

“Ba za ka ƙara taɓa wani abu nawa ba.”

Na ƙarasa a kan ƙarfen tayar, ba iska.

A Kalfu an taru a gindin wani gawo, mutanen gari maza da mata, har da kawunsa maɗorin a kan tabarma. Likitan da ke riƙe da lasifika ya ce kowa ya zo ya faɗi sunan mamacinsa da bakinsa, a yi masa addu'a. Talle ya shiga layi. Na lissafa, saura mutum uku tsakaninsa da lasifikar. Garin nan zai ji sunanta a karo na ƙarshe daga bakin wanda ya kawo ta a yi mata tsaga.

Na jingine keken, na wuce gabansa, na karɓi lasifikar.

“Raƙiya,” na ce. “Raƙiya Almustafa. Ni ne ubanta. Kumburin gwiwa ne, ba targaɗe ba. Mun jira wata huɗu.”

Wata tsohuwa ta ɗora wa makarantar boko laifi, ta ce, yadda kowa zai ji, “Lakwal ta cinye mishi kunya.” Na juya na miƙa hannu. Talle ya kwance ƙyallen ya ba ni.

Ƙyallen yana cikin akwatin Kaltumi. Talle yana nan a rumfarsa. An ce min yanzu in aka nuna masa kumburi cewa yake a tafi likita, ba aikinsa ba ne. An ce ne, ban ji da kunnena ba. Kekena kuwa, in ya lalace, tura shi nake har bayan kasuwar dabbobi wajen Illa, wanda aikinsa bai kai na Talle ba.