Shekara Bakwai Yana Ba Fili Baya

A zamanin Turawa, lokacin da nake gyaran keke a Hausari, muna da ƙungiyar ƙwallo a Potiskum, ni ne kyaftin. Ba takalmi, ba raga, sai sanduna uku da ƙwallon fata wadda in ta sha ruwa takan yi nauyin kabewa. Amma muna da wani dattijo manomi daga Danchuwa wanda bai taɓa fashin wasanmu ba, kuma bai taɓa kallonsa ba.

Ranar da ya fara zuwa, gero ya kawo kasuwa, ya ji hayaniya ya tsaya. An ci mu ɗaya muna ta fama. Jakinsa ya tsinke igiya, ya juya zai kamo shi, sai muka rama. Can jakin ya sake ƙwacewa, ya sake juyawa, muka ƙara. 'Yan kallo suka hau tsokanarsa, wai ƙeyarsa ce ke ci mana ƙwallo. Su wasa suke yi, shi kuwa bawan Allah ya riƙe maganar da gaske. Daga ranar, duk wasa zai zo da jar riga irin tamu da matarsa ta rina masa, da ƙahon sa rataye a wuya, ya tsaya a bakin layi ya ba mu baya yana fuskantar jama'a.

Ni mutum ne mai bin diddigi, abin ya hana ni sakat. Mutumin da ba ya kallon fili, ta yaya yake busa ƙaho tun kafin ƙwallo ta shiga? Ran nan na tare shi a rumfata na ce sai ya gaya mini. Ya yi dariya, ya yi mini bayani da Hausarsa mai ɗauke da harshen Ngizim. Wai fuskoki yake karantawa. In mai gyaɗa ta dafe ƙirji, ƙwallo na gidanmu. In mahauta suka miƙe tsaye, mun kusa ci. Akwai wani wanzami kuma da ba ya tofar da yawu sai in ni na zubar da ƙwallo, kuma wai makon jiya sau huɗu ya tofar. Na ƙirga a raina, huɗun ne cif. Haushi ya kama ni, na ce masa ni fa ban yarda da zancen ƙeya ba, ƙafafunmu ke ci.

A shekara ta bakwai ƙahon ya fara makara. Wata rana ma ya busa na murna alhali mu aka ci, jama'a suka yi ta dariya. Kashegari ya zo rumfata, ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce yanar ido ce ta fara rufe masa gani, fuskoki sun fara cakuɗewa.

"Ɗana, ina son in ga ƙwallo ɗaya ta shiga kafin idanun nan su tafi," ya ce. "Amma kai ne shugaba. Sai ka yarda zan juyo."

To, ni da nake cika baki ban yarda da camfi ba, sai na ji bakina na cewa ya bari mu gama da 'yan wani gari da suke ba mu wuya. Muka gama da su, na ce ai ga wasan ramuwa nan tafe. Daga nan damina ta sauka, na ce sai kaka. Kowane wasa in ya matso sai in ga ya fi ƙarfin a yi gwaji da shi. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba. Shi kuwa ko da yaushe sai ya ce to, ya koma ya ba mu baya.

Sai bayan an gama girbi muka sami wasa da samarin Ngojin, waɗanda ba su taɓa cinmu ba. Kafin a busa usur na je na kama kafaɗunsa na juyo shi. Yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskarsa daga cikin fili ba. Ya sa hannu a goshi ya ƙura ido.

Ba a jima ba na yanke mutum biyu, na narka ƙwallo ta shige tsakanin sandunan, kusa da inda yake tsaye. Fili ya ɗauki ihu. Ƙahon bai yi ƙara ba sai da ihun ya kai kunnensa. Na ruga wurinsa ina haki, na ce, "Baba, ka gani?"

Ya laluba ya riƙe hannuna. Ya ce ya ga jajayen abubuwa suna kai da kawowa, shi ke nan. Babu fushi a muryarsa ko kaɗan, ya ƙara da cewa da damina kam yana iya rarrabe mutum da mutum.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Alƙalin wasa na ta busa usur in dawo, dattijon bai saki hannuna ba.

"Wa ya ci?" ya ce.

Na ce ni ne.

"To tsaya ka gaya mini, ɗana. Ta wane gefe ta shiga?"