Ni da Tsohon Kekena a Gasar Ikorodu

Agege, ƙarfe huɗu da rabi na asuba

Ladan yana kiran assalatu na turo kekena waje. Matata Hajo ta miƙo min burodi da ƙuli-ƙuli a leda, ta ce, "Malam, da furfurarka za ka je tsere da yara?" Na ce mata aikina zan je cetowa, ta rufe ƙofa.

'Yan uwa na gida, ga asalin maganar. Shekara goma sha tara ina gadi a wani gida a Abule Egba, nan Legas. Tsohon Oga ya rasu bara, ɗansa ya dawo daga Turai ya karɓi gidan. Ƙaramin Oga yana cikin mutanen nan da ke biyan kuɗi don a wahalar da su, kullum yana gudu ba abin da ya koro shi. Ranar nan ya dube ni ya ce na tsufa, zai kawo masu gadi na kamfani masu kaki. Sai bakina ya ja min. Na ce ni da na tashi ina ninkaya a gulbin Maradi, waɗanda yake tsere da su ba su isa su riƙe min takalmi ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce akwai gasa a Ikorodu, ninkaya da keke da gudu a jere, kuma ƙwararru za su zo. In na gama kafin ƙarfe sha ɗaya na kawo masa lambar da ake rataya wa wanda ya gama, aiki nawa ne. Ya biya min rajista. Shi ma zai shiga, amma wai motarsa ba ta ɗaukar keke biyu.

Ojota, biyar da ashirin

Kwandastan danfo, bas ɗin haya ta Legas, ya kalli keken ya ce, "Aboki, this your iron na two seat o!" Wai keken kuɗin kujera biyu zai ci. Ni naira ɗari bakwai, keke dubu ɗaya, ga shi a bayan mota aka ɗaure shi da igiya bai zauna ko'ina ba. A tashar Ojota na yi sallar asuba tare da 'yan dako masu zuwa kasuwar Mile 12. Wani mai shayi mutumin Tawa ya ga hular kwanon da na aro wurin ɗan okada, ya ce, "Baba, ina babur ɗin, ko an ƙwace?" Da na ba shi labari sai ya ƙara min madara kyauta, ya ce ba ya so a ce shayinsa ne ya kayar da ni.

Bayan Mile 12 'yan sanda suka tare mu. Wani yaro a cikinsu ya nemi rasidin keken da na saya tun yana shan nono. Na nuna masa takardar gasa. Ya karanta sau biyu, ya sara min, ya ce in na ci mota in tuna da su.

Ikorodu, bakwai saura kwata

A harabar wani otal aka taru. Na ga ƙwararru, jama'a. Maza sun aske gashin ƙafa tas, sun sa kaya matsattsu kamar fatar tsiran alade. Kekunansu da yatsa biyu suke ɗagawa, tayoyi siraran kamar igiyar guga. Ba mai cin abinci, sai tsotsar wani abu a 'yar leda. Nawa keken yana da kariyar ɗora kaya a baya da ƙararrawa, kuma sai da mutum biyu suka kama kafin ya hau maratayi. Wata mace ta liƙa min lamba a ƙirji, ta tambaye ni ko na zo kawo saƙo ne.

Bakwai da rabi aka busa usur, muka faɗa ruwan wanka na otal. Su kawunansu a cikin ruwa suke, ba mai kallon maƙwabcinsa balle ya ce masa sannu. Ni kuwa irin ta gulbi na yi, kai a sama, ga dogon wandona ya sha ruwa yana ja na ƙasa, don na rantse ba zan tsaya gaban mata da ɗan kamfai ba. Ruwan yana warin magani, ido kamar an zuba barkono. Ni na fito na ƙarshe, amma na fito. Su kafin ka ce kwabo sun haye keke. Ni sai da na matse wando, na linke shi a leda, na yi bisimilla.

Kilomita ashirin na keke, a nan Legas ta rama min. Hanyar duk ramuka ce, siraran tayoyin nan suka fara fashewa. Na wuce mutum uku suna zagin gwamnati. Na huɗu Ƙaramin Oga ne, zaune bakin kwata da taya a cinya. Na rage gudu na ce, "Sannu Oga, a kawo famfo?" Ya kore ni da hannu. Na kaɗa masa ƙararrawa sau biyu don girmamawa, kuma Allah ya yafe min, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Ƙarfe goma na ajiye keke na fara gudun kilomita biyar. Gwiwoyina suna ƙara, amma lissafi yana hannuna. Goma da rabi saura kilomita guda, ko da rarrafe na isa.

Sai ga makara ta fito daga wani lungu. Mutanenmu ne, huɗu na ɗauke, uku na biye, kuma ukun duk tsofaffi. Na gaban dama ma dattijo ne, yana tangaɗi. Kun san yadda muke yi, ba a wuce gawa. Ka sa kafaɗa ka yi taku arba'in, wani ya karɓe ka. Na ce taku arba'in ba za su cinye min lokaci ba. Na karɓi dattijon.

Na yi arba'in, na yi ɗari, na waiga. Babu mai karɓa. Ba ƙeta ba ce, babu mutanen ne. Na tambayi na gefena, ya ce marigayin ɗan cirani ne mai tura baro, zazzaɓi ya kwantar da shi a masallaci, ba wanda ya san danginsa. Muka zo mararraba, tutocin gasa suka yi hagu, maƙabarta tana dama. Wallahi na so in ajiye. Na tuna kuɗin haya, na tuna Hajo. Amma makara ba ta tafiya da kafaɗa uku, sai na yi dama ina kuka, kuma ban san ko shi nake yi wa ko kaina ba.

Sha biyu saura na isa inda ake gamawa, da ƙasar kabari a gwiwa. Har an kwance rumfuna. Wani mai shara ya ce lambobi sun ƙare, ya ba ni ayaba ɗaya da ta rage.

Abule Egba, bayan la'asar

Na je in faɗa wa Ƙaramin Oga da bakina cewa ban gama ba. A bakin get na tarar da samari biyu da kaki, ɗaya yana kan bencina. Na ce ashe har labari ya riga ni. Na kan bencin ya ce wane labari? Tun makon jiya aka sa hannu da kamfaninsu, aka ce su fara yau da safe in tsohon ya tafi wasa. Ya miƙo min tabarmata da butata a ɗaure.

Na karɓa na ɗaura su a kariya. Ashe ko da na jefar da bawan Allahn nan a hanya na zo da lamba a wuya, bencin nan dai da wannan yaron zan tarar a kansa.

Agege, gab da magariba

Na turo keken da ƙafa na shigo gida, Hajo ta ga tabarma a kariya, ta ɗora ruwan zafi. Aiki ya tafi, kuma ya yi min ciwo ƙwarai. Amma na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode masa da bai bar ni na sauke kafaɗata ba.

Ku da kuke gida, an ce sunan mamacin Ilu, dogo ne, yana da tabon ƙuna a hannun hagu, ya ce daga wajen Tasawa yake. Duk wanda ya san mahaifiyarsa ya gaya mata an yi masa wanka, an sallace shi, kuma mutum huɗu ne suka kai shi har makwancinsa.