Ƙarfen da Ke Zuciyar 'Yata

'Yata ta fari da ciwon ƙarancin jini na gado aka haife ta, wanda likitoci ke kira talasimiya. Tun tana rarrafe muke jigila daga Illela zuwa Sakkwato ana ƙara mata jini. Likita ya ja mana kunne tun farko: kowace leda ta jini tana barin ƙarfe a jiki, don haka ko da wasa kada a ba ta maganin ƙarin jini na kwalba, shi ma ƙarfe ne.

Wan mijina yana da kemis a bakin kasuwa, kayansa daga Konni yake shigo da su. Kemis ɗin ne ya mai da shi likitan dangi, in ya yi magana ba mai tari. Ashe duk ranar da yarinyar ta je gidansa wasa, sai ya ɗura mata cokali biyu na maganin ƙarin jinin nan, ya ce kada ta gaya mini. Shekaru ana haka. Da ta fara yin baƙi tana haki, ni ya ɗora wa laifi a gaban dangi, wai rowar abinci nake mata.

Gwajin jini bai raba gardama ba, in tana zazzaɓi awon ƙarfen ya hau, in ta warke ya sauka. Sai aka tura mu Kano a yi mata hoton MRI, injin maganaɗisu da ke auna ƙarfen a cikin hanta da zuciya kai tsaye. Na cire mata 'yan kunne da hannuna, aka tura ta cikin ramin injin. Likita ya nuna mini hantar ta yi baƙi ƙirin, zuciyar ma ta kamu. Ya ce yawancin ƙarfen daga jinin da ake ƙara mata ne, amma ya tambaya ko tana shan wani abu. A nan ta fashe da kuka ta faɗa.

Na kai wa wan mijina hoton har kemis. Ya ɗaga shi sama ya taɓe baki.

"Mi an nan? Inji na ƙarya. Ni jini niƙ ƙara ma ɗiyag ga."

Saboda wannan maganar na sa aka sake hoton a wani asibiti. Abin da na farko ya nuna, shi na biyu ya nuna. An fara mata maganin fitar da ƙarfe, amma zuciyar ta riga ta gaji. Ba ta kai damina ta gaba ba.

Na tsane shi, ban kuma ɓoye wa kowa ba. Bara ya samu kujerar Makka, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara kamar yadda aka saba. Ya iso ƙofata, ga mijina, ga dattawa sun rako shi.

"Ki yahe mini, ƙanwata. Tahiya za ni yi."

Na bar shi a tsaye sai da na gama shanya.

"Yaya, ba ni kac cuta ba. Tana maƙabarta bayan gari. Tai ka roƙe ta."