Masu Hura Wuta a Gidan Nan

Asabar: Daga Manchester

Ƙarfe shida da minti goma na safe, bayan mun idar da sallar asuba, muka ja ƙofar flat ɗinmu da ke Longsight, ni da Inna. Gari bai waye ba, rabin fitilun layinmu kuma a kashe suke, don council, hukumar garin, ta ce shekarun tsimi aka shiga. Maigidana ya raka mu bakin titi da jakarmu yana tsokanata. Ya ce, "Inna, ki sa mata ido. Wannan labarin soyayya ta fita nema, za ta iya wuce tasha." Inna ta ce, "Ai tun tana aji uku nake fama."

Bai yi mini ƙarya ba. Ni ce auta a gidanmu, ni ce kuma na girma da littattafan haya a ƙarƙashin filo. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, ban taɓa jin Baba ya faɗa wa Inna kalma mai daɗi ko ɗaya ba, har Allah ya karɓi ransa.

Bayan ta fita takaba muka ɗauko ta daga Kano ta huta mako shida. Ba ta nemi kanti ba, ba ta nemi yawo ba. Sai da ya rage kwana huɗu jirginta ya tashi ta kwance wani hankici, ta fito da tsohon ambulan da kaset. Ta ce, "Auta, gidan da Malam ya zauna nake son gani." Baba ya yi karatun injiniya a Birmingham shekara biyu, ya tafi ya bar ta tana amaryar wata biyar a gidan iyayensa. Adireshin na bayan ambulan, lamba goma sha huɗu, a unguwar Lozells. Na ce mata an gama, ban ma bincika ba.

Motar Birmingham ta tashi ƙarfe bakwai daidai, fam goma sha ɗaya kowane mutum, tafiyar mil tamanin da 'yan kai. Da Inna za ta hau, direban ya miƙo hannu ya ce, "Mind the step, love." Da muka zauna ta ce, "Me ya ce?" Na ce, "Cewa ya yi ki kula da matakala, masoyiya." Ta juyo ta dube ni da kyau. "Direban?" Na ce a nan haka ake ce wa kowa. Ta gyara mayafi ta ce, "Ashe abin da kike kuka a kai a nan kyauta ake raba shi."

A hanya na sa mata kaset ɗin, wanda maigidana ya juye mana a waya. Kunne ɗaya nata, ɗaya nawa. Muryar Baba tana saurayi, siririya, yana gaida mahaifinsa, da mahaifiyarsa, da baffanni, har da mai shayin ƙofar gida. Sunan Inna bai fito ba. Can wajen ƙarshe ya ce, "Sanyi kam akwai shi. Gawayinsu dutse ne, ba ya jin magana, kwana uku ina fama da murhun ɗakina. A tambayar mini masu hura wuta a gidan nan, ko suna da wata dabara."

Inna ta zare abin kunnen. Ta ce a tsakar gida aka sa kaset ɗin, gaban kowa. Ita ce ke hura wutar gidan kullum da asuba. Surukarta ta ce, "To, mai hura wuta, kin ji," aka kwashe da dariya, ita kuwa ta gudu ɗaki. Ranar da aka ɗauki kaset ɗin amsa, da aka miƙo mata rediyon, "ina gaisuwa" kawai ta iya cewa. Na ce, "Da ya dawo fa?" Ta ce, "Da ya dawo ai risho ya sayo."

Lozells

Mun sauka Birmingham tara da minti arba'in. Muka sha shayi a tsaye, muka hau bas, goma da rabi muna Lozells. Gidaje ne jajaye a manne da juna, da ƙananan shaguna masu doya da kubewa a ƙofa. Muka sami layin. Na fara ƙirga: biyu, huɗu, shida, takwas. Daga takwas sai fili, an shafe shi da kwalta, motoci na ajiye a kai. Gefensa wani zauren taron unguwa ne da aka toshe tagoginsa da katako.

Na shiga shagon wani dattijo ɗan Bangladesh na nuna masa ambulan. Ya leƙo ya yi wa Inna sallama, sannan ya ce mini tun kafin ya buɗe shagon aka rushe wannan ɓarin, shi ma bai tarar da su ba.

Inna ta tsaya a bakin filin, tana kallon wata farar mota da ke daidai inda goma sha huɗu zai kasance. Ba ta yi kuka ba. Ta naɗe ambulan ta mayar cikin hankici ta ce, "To. Allah ya ji ƙansa. Mu tafi, Auta, ƙafata na sanyi." Ni ce na yi kukan, a bas, na juya fuskata wajen taga.

Sparkbrook

Masaukinmu gidan Anti Rabi ne, 'yar maƙwabtanmu ta Fagge, ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin Edgbaston. Ɗaya saura muka isa, muka tarar da tuwon shinkafa da miyar kuka. Inna ta ci loma uku ta koma kan sallaya.

Da la'asar muna wanke-wanke Anti Rabi ta ce, "Ki kai ta Dudley mana gobe. Akwai wani gidan tarihi, gari ne guda. Tsofaffin gidajen da za a rushe aka kwashe, bulo bayan bulo, aka sake ginawa a can. Har mutane ake sawa a ciki da kayan da, suna girki, suna ƙira."

Ashe Inna na ji. Ta leƙo daga falo ta ce, "Kwashewa aka yi? Rabi, da mutanen ciki?"

Anti Rabi ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Na ce, "Da mutanen, Inna." Anti Rabi ta harare ni ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke da Allah. Ni dai gobe ina da shift a asibiti, babu ruwana." Na san gidan Baba ba ya cikinsu. Na san mutanen ma'aikata ne da ke komawa gidajensu da yamma. Amma na ga Inna ta tashi ta ce a ɗumama mata sauran tuwon.

Lahadi: Dudley

Jirgin ƙasa muka shiga tara da minti ashirin, cikin minti ashirin muka sauka Tipton. Bas ɗin da na gani a taswira an daina shi ranar Lahadi, sai muka taka wajen mil guda cikin yayyafi, Inna na gaba. Goma da 'yan mintuna muka yanki tikiti muka shiga.

'Yan uwa, ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Titi na duwatsu, tsohuwar motar lantarki mai ƙararrawa, kantin magani da kwalabe jere, makaranta da allunan dutse, mashigin ruwa da dogayen kwale-kwale baƙaƙe. Hayaƙin kwal ya kwanta a kan komai. Wani maƙeri na dukan sarƙa, Inna ta tsaya ta ce masa, "Sannu da aiki," ya ɗaga mata guduma. Mai soya kifi da dankali ya ce mana da kitsen shanu yake suya, mu kuwa ba mu san yankansu ba, sai muka haƙura muka ci ƙosan da Anti Rabi ta ƙulle mana. Inna ta dubi wata mata da ke wanki a baho da hannu ta ce, "Wannan tsimin da ake faɗa a talabijin ashe ya kai haka." Na ja ta muka yi gaba.

A wani lungu muka ga jerin gidaje jajaye, ƙofa na kallon ƙofa, banɗaki a waje. Inna ta rage tafiya. Ta ce, "Banɗaki a tsakar gida. Haka ya ce." Ɗaya a buɗe yake, hayaƙi na fitowa ta ƙofar maimakon ta sama. Ta tuɓe takalmanta a kan dutsen jiƙaƙƙe, ta yi sallama sau biyu, ta shiga.

Ɗaki ne ƙarami, teburi ɗaya, kujera biyu, agogon bango, da gado a kusurwa. Wata dattijuwa mai farin gashi, da doguwar riga da zanen gaba, tana durƙushe a gaban murhun ƙarfe tana tari. Ta ɗago ta ce, "Come in, bab." Inna ta ce, "Ikon Allah. Jiya masoyiya, yau Baba." Na fassara wa matar, ta yi dariya har da hawaye, ta ce a yankinsu haka ake kiran wanda ake so. Sunanta Brenda. Ta ce kwal ɗin ya sha ruwa, tun safe wutar ta ƙi ta.

Inna ta ajiye jaka ta durƙusa kusa da ita. Na ce, "Inna, ba a yarda baƙi su taɓa ba." Ko kallona ba ta yi ba. Brenda ta leƙa ƙofa, ta ga babu kowa a lungun, sai ta miƙa mata abin kama gawayi.

Inna ta cire manyan dunƙulen da ke sama ɗaya bayan ɗaya. Ta tona tokar ƙasa. Ta jingina ƙirare uku kamar bukka, ta jera ƙananan gawayin a gefe, ta bar rami ta gaba. Sannan ta zaro maficinta na kaba, wanda muka yi ta yi mata dariya a kai tun da ta sauka a ƙasar sanyi, ta fara fifita a hankali daga ƙasa. Hayaƙin ya juya ya bi sama. Jan ya fara tsakiya, ya bazu.

Sai na ji tana magana, ba da ni ba, ba da Brenda ba.

"Ƙofa ake bar mata, Malam. Na san abin da ka yi, lafta mata ka yi har ka toshe ta. Haka kake da komai, garaje. Kaɗan-kaɗan ake ba ta, kuma ba a tashi a bar ta sai ta kama." Ta yi fifita sau biyu. "Na ji saƙonka tun ranar. Mutane ne suka yi yawa."

Brenda ta dube ni tana tambaya da ido. Na kasa fassarawa. Na ce kawai mijinta ya rasu, ya taɓa zama a ɗaki irin wannan. Brenda ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu a kan gwiwar Inna. Ta ce nata mijin shekara biyu ke nan da rasuwa. Ta ce a da a ɗakin karatu na unguwarsu take aiki, da aka rufe shi sai gidan ya yi mata faɗi, shi ya sa take zuwa nan kwana uku a mako, don a shigo a same ta. Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Ki ce mata Allah ya ba ta haƙuri. Ki ce mata da safe ya fi wuya." Brenda ta gyaɗa kai tun kafin in gama.

Da za mu tashi Inna ta fito da 'yar kwalbar turaren wutarta, ta ɗebo da yatsu biyu ta barbaɗa a gefen garwashin. Cikin ɗan lokaci ɗakin nan na Turawan da ya koma ɗakin Inna na Fagge sak. Ta damƙa wa Brenda kwalbar ta ce, "Ba a zuwa gidan mutum hannu biyu." Wasu baƙi suka shigo da yaransu suna tambayar ƙanshin mene ne, muka fita muka bar ta tana yi musu bayani.

Komawa

Mun ɗauki jakarmu a Sparkbrook, muka yi wa Anti Rabi sallama ta waya, muka hau motar ƙarfe huɗu. Da muka wuce Stafford na juya wajenta. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Ba gidan Baba ba ne. Matar ma ba a nan take kwana ba."

Ta ce, "Auta, shekara nawa ina riƙe da gida? Tun daga bakin ƙofa na sani. Babu takalmi ko ɗaya, gindin tukunyarta fes, gadon kuma ba a taɓa kwanciya a kai ba." Na ce, "To me ya sa ba ki ce komai ba?" Ta ce, "Ke me ya sa kika taka ƙafar Rabi?" Ta jingina kanta da kujera ta rufe ido. "Wutar dai ta gaske ce."

Shida da rabi muka iso Manchester, bakwai muna gida. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ina kuma gode wa Anti Rabi da tuwonta da haƙurinta, da Brenda da ta leƙa ƙofa ta kau da kai. Maigidana ya buɗe mana, ya karɓi jaka, ya ce, "Yaya, an samo labarin?" Kafin in amsa ya ƙara da cewa, "Hitar ɗumama gidan nan ta ƙi ni tun jiya, ke kika san kanta." Inna ta wuce mu tana tuɓe mayafi ta ce, "Ki amsa masa yanzu."